SARKIN ƘOFAR KWAMFUTOCI: AJIYAR KWAFIN RAJISTARSA DA YADDA A KE TAYAR DA SHI IDAN YA FAƊI

1. Dalilin Wannan Darasi

Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aikin mulkin gunduma ya dogara ne bisa littafi. Malamin hakimi shi ke riƙe da littafin haraji da na jangali, shi ke yanka rasit, ya ba mai biya nasa, kwafin kuwa ya zauna cikin littafi domin shaida. Rahoton da aka rubuta a gunduma ba nan ya ke tsayawa ba, a kan aika da shi Katsina, waɗansu kuma su wuce Kaduna. Albarkacin wannan al'ada ne har yanzu a ke samun takardu masu yawa na Lardin Katsina a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Zamani ya juya. A 1976 aka sauke tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina ke cikinta a lokacin, kafin a ba ta jiharta a 1987. Amma littafi bai mutu ba, kwamfuta ya koma. Mutumin Wurma ta Ƙaramar Hukumar Kurfi, idan ya tafi banki a Dutsin-Ma, ko ya je neman lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ko ɗansa ya shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011, cikin kwamfuta za a nemi sunansa. Idan kwamfuta ta ƙi buɗewa, ya yi hasarar kuɗin mota da wuninsa.

Ba a nufin mai da hakimi injiniya. Abin nufi shi ne hakimai da malamansu, waɗanda a kan nemi shawararsu cikin sha'anin makarantu da asibitoci da hukumomi, su san kwamfuta guda wadda sauran duka ke rataye da ita, su san yadda a ke ajiye kwafinta, su kuma san tambayoyin da ya wajaba su yi wa masu lura da ita.

2. Wane Ne Sarkin Ƙofa?

A da birnin Katsina yana kewaye da ganuwa mai ƙofofi, irin su Ƙofar Guga, da Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar 'Yandaka. Mai tsaron ƙofa shi ke buɗewa da safe, ya rufe da dare, ya san ɗan gari, ya san baƙo. Haka al'amarin ya ke cikin babbar ma'aikata mai kwamfutoci da yawa. A kan tattara su duka su zama gunduma ɗaya, a sa wata babbar kwamfuta ta riƙa tsaron ƙofarsu. Masana suna kiranta domen kwantirola, watau mai mulkin gundumar kwamfutoci. Cikin wannan darasi za a kira ta Sarkin Ƙofa.

Sarkin Ƙofa yana riƙe da rajista. Wadda ta fi yaɗuwa a ofisoshi ita ce Active Directory, wadda kamfanin Microsoft na Amurka ya fitar tare da Windows 2000 a shekara ta 2000. Cikinta akwai sunan kowane ma'aikaci, da kalmar sirrinsa a lulluɓe, da sashen da ya ke, da abin da aka yarda ya buɗe da abin da aka hana shi, da sunan kowace kwamfuta ta ofis, da dokokin da za su bi. Galibi kuma shi ke riƙe da littafin adireshi wanda kwamfutoci ke dubawa su sami junansu. Akawu ya zauna da safe, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, Sarkin Ƙofa ne ke dubawa ya ce a buɗe masa ko kada a buɗe.

Saboda haka faɗuwarsa ba kamar faɗuwar sauran kwamfutoci ba ce. Takardun albashi suna nan lafiya, na asibiti suna nan, amma ba mai iya isa gare su. Kamar rumbu ne cike da hatsi, mabuɗinsa ya faɗa rijiya.

Domin gudun haka a kan naɗa Sarkin Ƙofa biyu ko fiye, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowannensu yana riƙe da rajistar sukutum, abin da aka rubuta wurin ɗaya kuwa ya kan isa wurin sauran. Wannan dabara tana da kyau, amma lalle a gane ba ita ce ajiya ba. Idan akawu ya soke sunan mutum ɗari bisa kuskure, kuskuren zai bi su duka. Idan cuta ta shiga, ita ma haka.

3. Abin Da Ya Sami Kamfanin Maersk

Ran Talata, 27 ga watan Yuni 2017, wata cutar kwamfuta da aka sa wa suna NotPetya ta ɓulla a ƙasar Yukren. Ta shiga ne ta wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, wadda kamfanoni ke aiki da ita a can. Cikin waɗanda ta kama har da Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak, wanda wani reshensa ke gudanar da tashar kwantena ta Apapa a Ikko, watau Legas.

Kamfanin yana da Sarkin Ƙofa wajen 150 a warwatse cikin duniya, kowanne yana kwafa daga 'yan'uwansa. Aka ɗauka ko da waɗansu sun faɗi, sauran za su tsaya. Ba a yi shirin ranar da za su faɗi gaba ɗaya ba, ranar kuwa ta zo. Ma'aikata suka sami kwafin ajiya na sauran manyan kwamfutocinsu, amma na rajistar ƙofa suka rasa, ba kuwa abin da zai tashi sai da ita.

Aka yi ta cigiya ofis ofis, har aka dace da Sarkin Ƙofa guda a wani ofishin kamfanin da ke Afirka ta Yamma. Abin da ya tsirar da shi, wutar lantarki ce ta ɗauke kafin cutar ta iso, saboda haka yana kashe, ba ya haɗe da kowa. Aka ɗauki faifansa a hannu, ya bi ta Nijeriya, aka hau jirgin sama da shi zuwa Ingila, inda aka kafa sansanin gyara a garin Maidenhead. A watan Janairu 2018 shugaban kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a taron Davos cewa cikin kwana goma sun sake ɗora manyan kwamfutoci 4,000, da ƙanana 45,000, da manhajoji 2,500, hasarar kuwa ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300.

Abin lura a nan shi ne, ba yawan kwafi ya cece su ba, kwafi guda ne da ke ware. Abin da ɗaukewar wuta ta yi musu bisa dace, shi ya kamata kowace ma'aikata ta yi wa kanta da gangan.

4. Sharuɗɗan Kwafin Ajiya

Kwafin ajiya shi ne kwafin da aka ɗauka a wani lokaci sananne, aka ajiye shi gefe, ba ya canzawa. Yana da sharuɗɗa biyar.

Na farko, a kwafa da kayan aikin da suka san rajista. Rajistar tana cikin wani fayil mai suna NTDS.dit, dokokin gunduma kuwa suna cikin wata jaka mai suna SYSVOL. Ba a jan su da hannu kamar yadda a ke jan wasiƙa, domin kullum a buɗe su ke, ana rubutu cikinsu. Windows Server tana da nata kayan ajiya, akwai kuma na waɗansu kamfanoni. Suna iya ɗaukar abu biyu. Ɗaya shi ne halin tsarin, watau rajista da abin da ke riƙe da ita. Ɗayan shi ne kwamfutar ɗungum, da duk abin da ke faifanta. Wanda ke nufin tayar da Sarkin Ƙofa bisa wani jiki dabam, kwafin ɗungum ya ke bukata.

Na biyu, kwafin ya zama sabo. Idan aka soke suna cikin rajista, ba a share shi nan take, a kan sa masa alamar sokewa domin sauran Sarakunan Ƙofa su gani su soke nasu. Alamar tana zama kwana 180, a tsofaffin gundumomi kuwa kwana 60, sa'an nan a share ta. Kwafin da ya wuce wannan wa'adi ya mutu, ba a maido da shi, domin yana iya dawo da sunan ma'aikacin da aka sallama tun tuni, ya sake samun mabuɗi. Har wa yau kowace kwamfuta ta ofis tana da tata kalmar sirri tsakaninta da Sarkin Ƙofa, ta kan sake ta duk kwana 30. Tsohon kwafi ba zai san sabuwar kalmar ba, sai ya ƙi kwamfutar gida kamar baƙuwa. Saboda haka kullum a ke ɗaukar kwafi, ba shekara shekara ba.

Na uku, a yi kwafi uku, bisa ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuwa a kai shi wani gari. Zafin bazara, da ƙurar hunturu, da tsawar damina, da gobara, da ɓarawo, duk ɗaki ɗaya su ke ci. Cikin ukun nan lalle guda ya zama a cire, ba ya haɗe da waya ko intanet. Ajiya ta intanet tana da amfani, amma kada a dogara gare ta ita kaɗai. A watan Satumba 2021, saboda matsalar tsaro, aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Kurfi da Dutsin-Ma, aka yi watanni a haka. Ofishin da ya dogara ga layin salula, kwafinsa kuma yana can nesa, da ba shi da hanyar ɗauko shi a kwanakin nan.

Na huɗu, a kulle kwafin. Cikinsa akwai mabuɗan ma'aikata duka, wanda ya sace shi ya sace ofis. Sai a ɗaure shi da kalmar sirri, a sa faifan cikin akwatin ƙarfe. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Na biyar, kada mabuɗin ajiya ya zama a hannun Sarkin Ƙofa kansa. Idan ba a iya buɗe ma'ajiyar sai da izninsa, ranar da ya faɗi an kulle ɗaki ke nan da mabuɗi a ciki. Akwai kuma wata kalmar sirri ta musamman ta yanayin gyara, wadda a ke sawa ranar da aka naɗa shi, ba a bukatarta sai ranar masifa, don haka a kan manta da ita. A rubuta ta, a liƙe cikin ambulan, a ajiye wurin amintattu biyu.

5. Baƙuwar Kwamfuta Da Mai Masaukinta

A zango, mai masauki ya kan sauki fatake da yawa cikin gida ɗaya, kowa da ɗakinsa da kayansa, ba mai shiga na wani. Haka babbar kwamfuta guda ke iya saukar waɗansu kwamfutoci cikinta. Ta kan yanka wa kowace rabonta na ƙwaƙwalwa da faifai, kowace kuwa ta yi aiki kamar mai jikin kanta, alhali ba ta da ƙarfe ko waya, jikinta duka fayiloli ne. Wannan ita ce baƙuwar kwamfuta. Manhajojin da ke yin aikin mai masauki sun haɗa da Hyper-V ta Microsoft, wadda ta fito a 2008, da VMware, da VirtualBox.

Amfaninta ga wannan sha'ani uku ne. Idan injin Sarkin Ƙofa ya ƙone, ba sai an jira an sayo irinsa daga Kano ko Ikko ba, ana iya shirya baƙuwa cikin sa'a guda bisa wata kwamfuta mai ƙarfi da ke nan. Sa'an nan ana iya rufe baƙuwar cikin ɗakinta, a hana ta magana da kowa, a gwada kwafin ajiya ba tare da taɓa aikin ofis ba. Kana kuma ana iya ɗauke ta daga wannan mai masauki zuwa wancan.

Amma akwai tarko. Mai masauki yana iya ɗaukar hoton baƙuwa nan take, daga baya ya mai da ita yadda ta ke a hoton. Sauƙin abin ya kan sa waɗansu su ɗauka hoton nan shi ne ajiya. Ba shi ba ne. Yana zaune bisa faifai ɗaya da baƙuwar, abin da ya ci ta zai ci shi. Ga Sarkin Ƙofa kuwa yana da wani lahani wanda malamai za su fi kowa ganewa.

6. Lahanin Tsohon Littafi

A ƙaddara wata ma'aikata tana da malamai biyu masu riƙe da rajista ɗaya, ɗaya a Kurfi, ɗaya a Dutsin-Ma. Kowanne yana sa wa abin da ya rubuta lamba bi da bi. Malamin Dutsin-Ma ya rubuta a gefen littafinsa cewa ya karɓi na Kurfi har zuwa lamba 500. Duk sa'ad da ɗan aike ya zo, abin da ya ke tambaya shi ne, ko akwai abin da ya wuce 500?

To, littafin Kurfi ya ƙone. Aka ɗauko kwafin watan jiya, wanda ya tsaya a lamba 400, aka ba malamin, ba a gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da aiki. Aka ɗauki sabon ma'aikaci daga Wurma, ya rubuta shi a lamba 401. Aka sallami wani, ya rubuta a 402. Ɗan aike ya zo ya tambaya ko akwai abin da ya wuce 500, aka ce babu. Saboda haka Dutsin-Ma ba ta san mutumin Wurma ba, wanda aka sallama kuwa har yanzu ƙofarta a buɗe ta ke gare shi. Abin da ke tsohon littafi daga 401 zuwa 500 shi ma ba zai komo Kurfi ba, domin malamin Dutsin-Ma yana ganin daga can ya fito. Littattafai biyu sun rabu, kowanne malami kuwa yana rantsuwa nasa daidai ne.

Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa idan aka mai da Sarkin Ƙofa baya a ɓoye. Maganinsa hatimi ne. Kowace rajista tana da lambar hatiminta. Idan aka maido da ita ta hanyar da ta dace, a kan ba ta sabon hatimi, sauran su gane sabon littafi ne, su aiko masa da duk abin da ya rasa, su kuma fara ƙirga nasa daga nan. Idan Windows ta gano an koma baya ba tare da sabon hatimi ba, ta kan tsai da musayar rajista, ta rubuta gargaɗi mai lamba 2095. Daga Windows Server 2012 aka ƙara wata dabara. Mai masauki ya kan ba baƙuwa wata lamba wadda ke canzawa duk sa'ad da aka mai da ita baya, Sarkin Ƙofa ya ga lambar ta canza, ya sake hatiminsa da kansa. Dabarar ba ta aiki sai mai masauki da baƙuwa duka sun san ta, ba ta kuwa mai da hoto ya zama ajiya.

7. Yadda A Ke Tayar Da Shi

Kafin kome sai a tambaya, ko akwai wani Sarkin Ƙofa mai lafiya da ya rage? Idan akwai, hanya mafi aminci ita ce a bar kwafin ajiya inda ya ke. A cire sunan wanda ya faɗi daga rajista, a shirya sabuwar baƙuwa, a naɗa ta, ta kwafi rajista daga mai rai. Idan kuwa ba wanda ya rage, ga matakan da a ke bi.

(1) A zaɓi kwafi na ƙarshe wanda aka tabbata an ɗauke shi kafin ɓarna ta shiga, bai kuma wuce wa'adi ba.

(2) A shirya baƙuwa mai faifan da bai gaza na asali girma ba. Kwamfutoci suna da hanyar tashi iri biyu, BIOS da UEFI, lalle ta baƙuwar ta zama irin ta asalin. A yanke ta daga sadarwar ofis tukuna.

(3) A tashe ta da faifan ɗora Windows, a zaɓi gyara, a nuna mata kwafin ɗungum, a bari ta juye shi duka.

(4) Idan ta tashi, a sa mata adireshin da na asali ke da shi, domin ƙofar sadarwarta sabuwa ce, ba ta gaji na da ba.

(5) A daidaita agogonta. Idan agogon Sarkin Ƙofa da na kwamfutar akawu suka saɓa da fiye da minti 5, ba za a buɗe masa ba. A lura kada mai masauki ya riƙa ja mata agogo zuwa lokacin da ba daidai ba.

(6) A bayyana cewa jakar dokokinta ita ce abin bi. Akwai muƙamai biyar na musamman waɗanda ba a raba kowannensu tsakanin biyu, sai a tattaro su gare ta, a share sunayen Sarakunan Ƙofa da suka faɗi. A kuma tsallake da lambobin da a ke ba sababbin sunaye gaba, kada a ba mutum biyu lamba ɗaya.

(7) Idan cuta ko ɓarawo ne sanadi, a sake kalmomin sirri na manya. Akwai wani babban mabuɗi mai suna krbtgt wanda a ke buga wa kowace takardar izni hatimi da shi, shi sau biyu a ke sake shi, domin rajista ta kan riƙe na yanzu da wanda ya gabace shi.

(8) A auna lafiyarta da kayan awo irin su dcdiag da repadmin, sa'an nan a sa akawu guda ya gwada shiga da sunansa.

(9) Sai bayan haka a haɗa ta da ofis, a ɗauki sabon kwafi a ranar, a naɗa na biyu bisa wani mai masauki dabam. Tsohon injin kuwa, ko da an gyara shi, kada a sake kunna shi cikin sadarwa sai an wanke faifansa, gama biyu masu suna ɗaya ba su zama gunduma ɗaya.

Ya kamata a san maidowa iri biyu ce. Akwai ta mabiyi, inda wanda aka maido ke karɓar gyara daga 'yan'uwansa. Akwai ta mai iko, inda a ke cewa abin da ke kwafin shi ne gaskiya, sauran su bi. Ta biyun ita a ke yi, da wani kayan aiki mai suna ntdsutil, idan an soke sunaye bisa kuskure ana so su dawo. Daga Windows Server 2008 R2 an sami kwandon shara na rajista, wanda ke sauƙaƙa dawo da sunan da aka soke, amma sai an kunna shi tun kafin kuskuren ya auku.

8. Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a taɓa tayarwa ba, ba wanda ya san ko yana da rai. Faifai ya kan lalace shiru, kayan ajiya su kan tsaya wata da watanni ba wanda ya duba, ambulan ɗin kalmar sirri ya kan bi ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Duk waɗannan ba su bayyana sai an gwada.

Saboda haka ya kamata duk wata uku a ɗauko kwafi, a tayar da shi bisa baƙuwa a rufe, a bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sa'o'in da aikin ya ci. Wani lokaci a sa mataimaki ya yi, ba babban gwani ba, domin masifa ba ta duba wanda ke hutu. Matakan kuwa a buga su bisa takarda, gama ranar da a ke bukatarsu ba kwamfutar da za ta buɗe. In an gama sai a share baƙuwar gwaji, kada wata rana wani ya haɗa ta da ofis bisa rashin sani.

9. Abin Da Ya Rataya A Wuyan Hakimi Da Malaminsa

Hakimi ba shi zai taɓa inji ba, amma tambayarsa tana da nauyi. Idan ya zauna taron wata hukuma a ƙasarsa, ko aka kawo masa kukan talakawa cewa kullum ana mai da su gida don kwamfuta ba ta aiki, ya dace ya tambayi shugaban wurin abubuwa huɗu. Sarkin Ƙofa nawa gare su? Yaushe aka ɗauki kwafi na ƙarshe? Ina kwafin da ke ware, wa ke riƙe da mabuɗinsa? Yaushe aka gwada tayar da shi, sa'a nawa ya ci? Wanda ya amsa da ranaku da lambobi yana aikinsa. Wanda ya ce kome lafiya kawai, sai a nemi ya kawo littafi.

Littafin nan kuwa aikin malami ne tun asali. A buɗe masa shafi mai gida biyar: ranar ɗauka, wanda ya ɗauka, inda aka ajiye, ranar gwaji, da sa hannun shaida. Ko ofishin da ba shi da Sarkin Ƙofa, sai kwamfuta guda ta rubuta wasiƙu da jerin sunayen dagatai da masu unguwanni, wannan ka'ida ta hau kansa. A kwafa kullum, a raba wurin ajiya, a kuma buɗe kwafin lokaci lokaci a ga yana karantuwa.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Don me Sarkin Ƙofa biyu masu kwafa daga juna ba su isa ajiya ba?

2. Me ya tsirar da rajistar kamfanin Maersk a 2017, wane darasi ke ciki?

3. Kwana nawa alamar sokewa ke zama, me zai faru idan aka maido da kwafin da ya wuce haka?

4. Cikin misalin Kurfi da Dutsin-Ma, don me sunan mutumin Wurma bai isa littafi na biyu ba?

5. Waɗanne abubuwa biyar ne malami zai rubuta cikin littafin ajiya?